Gurbin Baba Dattijo a Soro

Duk wanda ya san Hambali na Kadawa ya san shi da abu biyu, noman tumatir da tsirfar kunne. Mutum ne da zai tsayar da injin ban-ruwa ana tsakiyar aiki don kawai ƙararsa ta sauya masa. Shekarar da tumatir ya yi albarka, wajen tamanin da huɗu, abokansa suka sayi babura, shi kuwa ya dawo daga Kano rungume da rikoda mai lasifika biyu da batirin mota. Matarsa Sa'a ta ce ai sai ya hau ta zuwa gona.

A soro ya girke ta, ya kuma hana kansa sakat. Ya sa lasifikokin a kusurwa, sauti ya riƙa gunji kamar a cikin randa. Ya janyo su daga jikin bango, ya raba su hagu da dama, ya ɗora kowacce a kan kifaffen turmi don ta zo daidai kunnen mai zaune. Bangon baya ya lulluɓe shi da buhunan algarara saboda amsa-kuwwa. Sai ya saka kaset ɗin Sudan, ya dinga jan gindi a ƙasa yana neman inda muryoyin lasifikokin biyu za su haɗu. Ya samu, kuma wurin bai faɗa ko'ina ba sai kan buzun mahaifinsa.

Baba Dattijo ya daɗe da makancewa. Kullum a nan yake wuni, daura da ƙofa. Hambali ya durƙusa ya roƙe shi ya ɗan matsa ciki, wai wurin akwai iska, kada sanyi ya kama shi. Ya san ƙarya yake yi, ya kuma ji kunyarta tun tana bakinsa.

"To, Allah ya yi maka albarka," in ji tsohon. Ya laluba buzunsa ya koma lungu.

Sauti kam ya fito. Kai ka ce mawaƙin yana tsaye a tsakiyar soron, ganga a gefe, har samarin Bunkure suna zuwa ji. Tsohon kuma ya yi shiru. A da shi ke fara cewa an sako ruwa, a je a buɗe wa albasa, shi ke gaida masu wucewa da sunayensu tun ba su yi sallama ba. Duk ya daina. Sa'a ta yi wa Hambali magana, ya ce gobe zai mayar da shi. Goben nan ta cinye rani guda, domin duk ranar da ya yi niyya sai sabon kaset ya shigo hannunsa. Farkon damina Baba Dattijo ya rasu.

Da aka tashi daga zaman makoki, wata safiya Hambali ya zauna a wurin nan da ya ta da tsohon, rikoda a rufe. Bai taɓa zama a nan ba sai da kiɗa. Can sai ya ji ruwa yana zuba a kanal, babbar magudanar da ke bayan gari, tar kamar a bakin ƙofa. Ya ji takun masu tafiya gona, har ya gane tarin maƙwabcinsu Lukmanu. Ya tashi ya koma lungun, ya zauna, ya rufe ido. Buhunan da ya rataya sun shanye komai. Ko kukan kaza ba ya isowa.

Har yau Hambali yana gyara wa mutane zaman lasifika a gidajen biki, kuma ba wanda ya kai shi. Amma kafin ya ɗora ko guda, sai ya tambayi masu gida wa ke zama a nan.