Shinkafar da Ba Ta Taɓa Barin Shago Ba

"Buhu biyu na shinkafa, kuɗinsu jika sittin, katin bankinka ya zauna wurina," in ji Alhaji Mai Nasara.

"Alhaji, kuɗi nake nema. Matata Husaina na kwance gidan likita."

"Subhanallahi, Mushe! Ni in ba da kuɗi da ruwa? Ka ɗauki shinkafar. Ga ƙanena a shagon gaba, zai saya jika arba'in."

Haka aka yi wa Mushe Ɗanƙarami, malamin lakwal, wato makarantar boko, a wani ƙauyen Gaffati, shekara tara da suka wuce. A nan Mushe muke ce wa malamin lakwal. Buhunan ko motsi ba su yi ba. Katin kuwa ya shekara huɗu a aljihun Alhaji. Duk ƙarshen wata shi ke zuwa banki ya kwashe albashin, ya miƙo abin da ya ga dama. In ya ƙare tsakiyar wata, sai a sake sayar wa Mushe waɗancan buhunan.

Ni mai rubutun nan ɗalibinsa ne. Mutumin da ya koya mana riƙe alkalami, shi ake tsayarwa bakin shago a rana har a gama cinikin maggi! Mu kuma, ɗiyan da ya koyar, mukan wuce mu ce "ina wuni, Mushe", mu kau da kai. Kunyar tamu ce.

Na karanta labaran jarumai masu takobi iya karantawa. Ban ga wanda ya kai mai farar riga guda ɗaya, yana wanke ta kowace yamma, da safe ya shiga aji ko minti bai makara ba. Ya sayar da babur, ya koma hawan amalanken masu zuwa kasuwa. Husaina da ta warke ta kama tuyar ƙuli-ƙuli, ta rantse shinkafa ba za ta sake shiga tukunyarta ba. Wata goma sha tara suna tuwon gero da miyar kuka, bai karɓi sabon buhu ba. Ranar biyan bashi ta ƙarshe ya je da limami da mai gari, Alhaji ya jefo katin kan tebur bai ko dube shi ba.

Daga nan kowace kaka yake sayen gero tiya-tiya, ya zuba a rumbu bayan aji. Yanzu rumbu uku ne.

Kai ne, Mushe, na Husaina, mai alli a hannu. Mun gode, kuma ka yafe mana shirunmu. Malaman Damagaram, ku dube shi da kyau: albashinku ɗaya da nasa.

Makon jiya aka yi walimar ajiye aikinsa. Ana cikin jawabai sai ya hango Rabi'u, sabon malami ɗan kwantiragi da ya yi wata uku ba a biya shi ba, yana sulalewa waje.

"Rabi'u! Ina zuwa?"

"Birni, Mushe. Akwai wani Alhaji…"

"Mai shinkafa? Zauna, ƙanena."

Mushe ya miƙe, ya fuskanci jama'a.

"Jama'a, ku shaida. Gobe da safe zan buɗe rumbu ɗaya. Duk malamin da albashinsa ya makara ya zo ya auna, in kaka ta yi ya mayar tiya da tiya. Rabi'u ne na farko."