Shafi'i Mai Rikiɗa

A bakin tashar Kazaure, kusa da inda nake facin taya, akwai wani ɗan tebur a ƙarƙashin rumfar buhu. Nan Malam Shafi'i yake gyaran rediyo da tocila da fanka mai caji. Siririn mutum ne, ya haura arba'in, ba shi da yawan magana. Abin da na fara lura da shi, ba ya barin yaro ya tsaya a gaban teburinsa. In an aiko yaro da tocila sai ya ce a ajiye can gefe, a dawo anjima, ko fuskar yaron ba ya kallo. Na ɗauka mugun hali ne. Sai da muka daɗe muna cin rogo da ƙuli a kwano ɗaya kafin ya ba ni labarinsa, shi ma guntu-guntu, a lokutan da babu mai kawo aiki.

A wani ƙauye da ke kan hanyar Babura zuwa Kanya Babba aka haife shi. Kakanninsa daga gabas suka zo, shi ya sa har ta rasu ana kiran mahaifiyarsa Ya Kaka. A ƙofar gidansu ya buɗe shagon gyara, ya auri Nafisat daga Gwiwa, suka yi shekaru Allah bai ba su haihuwa ba.

Wata rana ya sayi rigar sanyi ta gwanjo a kasuwar Babura. Da ya sa hannu a aljihu sai ya ji wata ƴar mota ta roba, ruwan ɗorawa. Idon mai gyara ya ga gaɓoɓi inda bai kamata a ce mota tana da su ba. Ya ja ƙofa, hannu ya fito. Ya ɗaga murfin inji, sai ga kai. Kafin shayinsa ya huce, motar ta miƙe tsaye a tafin hannunsa ta zama mutum.

"Wallahi, ranar ko rediyo ɗaya ban taɓa ba," in ji shi. "Ina ta tunanin wanda ya zauna ya ƙirƙiro wannan abu."

Daga nan ya bi masu gwanjo da ƴan Nijar masu kawo tsofaffin kayan wasa a buhu, ya ce duk wanda ya ga irinta ya ajiye masa. A hankali ya tara tirela, da motar kashe gobara, da jirgin sama, da katafila, da wasu da dama. Yawancinsu a karye suke zuwa. Wanda ba hannu ya yi masa da tsinken keke, wanda ba taya ya yanka masa daga tsohon silifa. Ya sa aka haɗa masa akwatin gilashi ya jera su.

Ya Kaka ce ta fara hana shi. Ta ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da mutum-mutumi.

"To Ya Kaka, mota fa?"

"Mota ba ta da ido, ba ruwan kowa da ita."

Tun daga ranar, kafin a kira magariba sai ya naɗe su duka sun koma motoci. A gidansu ba ko ɗaya daga cikinsu da ya taɓa kwana yana mutum.

Yaran unguwa kuwa sun samu wurin zuwa. In an taso daga makaranta sai su cika ƙofar shago suna ihu, "A rikiɗa mana ja! A rikiɗa mana jirgi!" Su suka sa masa suna Mai Rikiɗa. Sunan ya yi masa daɗi, har ya sa mai fenti ya rubuta shi a saman ƙofar shago. Manya kuma suka mai da shi abin tsokana, musamman maƙwabcinsa Daudu mahauci.

"Gemu-gemu da kai kana wasan ƴar tsana! Ko su ne ƴaƴan? Yaushe ne sunan na ƙarshen, mu kawo rago?"

"Kai dai kawo ragon, Daudu, amma ba irin wanda kake sayar mana ba, mai ƙashi zalla."

A yi dariya a watse.

Cikin yaran duka ba wanda ya kai Ikilima, ƴar Daudu, iya juya su. Ba ta wuce shekara shida ba, amma yatsunta sun san inda kowace gaɓa take. Wadda ta fi so wata jar mota ce mai sifirin a ciki. Ita ba a jan komai, da an ɗan buge ta sai ta yi tsalle ta miƙe da kanta.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da Ikilima, mai zafi, har da fizge-fizge. Wata safiya kawunta ya ɗauke ta a babur ya kai ta asibiti aka yi mata allura, aka dawo da ita ko ido ba ta buɗewa. Da hantsi Shafi'i ya shiga dubiya. Bai taɓa ba kowa aron ko ɗaya daga cikin motocinsa ba, amma ranar ya ajiye jar motar kusa da matashinta, ya ce wa uwarta Shatu in ta farka ta gani za ta ji daɗi.

Shatu ta ga mota da idonta. Ta fita duba tukunya. Da ta dawo sai ta tarar da yarinya tana fizge-fizge, ga wani jan mutum tsaye a saitin kanta ya buɗe hannuwa. Bakin yarinyar kuma yana motsi, tana cewa, "Mai Rikiɗa... Mai Rikiɗa..."

A wurinmu an san abin da ake nufi in mara lafiya ya kama sunan mutum. Ihun Shatu ya tara unguwa.

Shafi'i yana cikin shago da rediyo a hannu suka finciko shi. Mai unguwa ba ya nan, ya tafi kasuwa. Liman ya zo yana cewa a ji tsoron Allah, muryarsa ta ɓace a cikin hayaniya. Shafi'i ya ce a miƙo masa motar ya nuna musu. Ya naɗe ta a gabansu, ya ajiye a ƙasa, ya ɗan buge ta da yatsa. Ta yi tsalle ta miƙe.

"Kun gani? Sifirin ne. Hannunta ne ya buge ta."

Mutane suka ja da baya suna salati.

"A gabanmu ma yake yi!" in ji wani.

"Shi da kansa ya rubuta a ƙofar shago," in ji wata. "Ya gaya mana, mu ne ba mu ji ba."

"Ku tambaye shi me ya sa cikin matarsa ba ya zama."

Ya Kaka ta fito da sandarta, ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba. Ta ce, "Ku ji tsoron Allah, ƴaƴan nan. Maita a nono ake sha. Ni na shayar da shi, ni mayya ce?"

Sai wata tsohuwa da suka yi shekaru suna surfe tare ta ce, "To, ke kika faɗa. Da ma wa ya san abin da ya koro ku daga gabas?"

Daudu bai yi ihu ba. Idonsa ya yi ja, ya kama hannun Shafi'i da hannu biyu. "Don Allah, maƙwabci, ka sakar mini ita. Ka tsallaka ta kawai. Ba zan kai ka ko'ina ba."

Al'adar ita ce, wanda ake zargi ya kama kurwar mutum sai ya tuɓe ya tsallaka shi, ya kuskure baki a ba mara lafiya ruwan. Shafi'i ya ce mini a tsaye a wurin ya gane inda aka sa shi. In ya ƙi, maye ne mara imani. In ya tsallaka ta tashi, maye ne da ya saki. Hanya ɗaya ce sunansa zai wanku, ita ce ya tsallaka, yarinyar kuma ta mutu.

Aka shimfiɗe ta a tsakar gida. Aka tuɓe shi daga shi sai gajeren wando, a gaban matan aure, a gaban matarsa, a gaban yaran da suke cika masa shago. Ya tsallaka. Ya kuskure baki a moɗa. Yana cikin haka ya ji ƙarar fashewar gilashi a waje, sai warin fetur, sai warin roba tana ƙonewa.

Washegari Ikilima ta buɗe ido ta nemi koko.

Daudu ya zo har ƙofar gida da tsokar cinya a leda. Ya ajiye daga nesa, ya ce, "Mun gode da ka sake ta. Allah ya raba ka da wannan abu." Da gaske yake, ba gatse ba ne.

Ba wanda ya sake dukansa ko zaginsa. Rediyo ne dai aka daina kawowa. In ya doso, mata su janye yara su rufe su da zane. Mai shayi ya ware masa kofi. A masallaci sai a bar ɗan fili tsakaninsa da na kusa da shi. Yayyen Nafisat suka zo daga Gwiwa suka ce za ta je ganin gida, ba ta dawo ba. Da Ya Kaka ta rasu, tabarmin zaman makoki suka wuni ba kowa a kai sai liman. Ya koma Roni, wani direba ya gane shi, sunan ya biyo shi. Shi ne ya taho Kazaure, inda mutane suka yi yawa.

Na tambaye shi, lokacin da yake tsallaka Ikilima, me yake roƙo a ransa.

Ya daɗe yana goge kan batir da tsumma. "Allah ya ba ta lafiya," ya ce. "Me kake so in roƙa?"

Kwanakin baya wata bas ta Babura ta tsaya a sa mata iska. A kujerar taga akwai wata budurwa da farin hijabi, tana cin gyaɗa. Na ga Malam Shafi'i ya miƙe tsaye, abin gyara a hannunsa, fuskarsa ta saki irin yadda ban taɓa gani ba. Ta juyo suka haɗa ido. Ta gane shi. Gyaɗar ta zube, ta tofa addu'a a cikin hijabinta, ta ja gilashin taga ta rufe.

Ya koma ya zauna. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ikilima ta yi tsawo. Da ma na san za ta yi tsawo."