Ranar da Barkono ta Kai Bena

"Ta kai! Rebecca, kashe injin nan, na ce miki ta kai Bena!"

Haka na riƙa ihu daga bakin ƙofar ɗakin Kefas. Gidan cike da mata masu jiran niƙa, kowa da kwanonta a gaba, injin niƙana na ta ruri. Rebecca, matar ƙanena, tana can ƙarshen tsakar gida tana zuba mini dawa a inji, ba ta ji ni ba sai da na ɗaga hannu biyu. Na taka rawa, ni da ƙibata, zani na neman kwancewa. Mata sunka yi ta dariya, wata ta ce yau kam Magdalene ta zare. To bari in gaya muku abin da ya kai Bena, da mutumin da na yi rawa dominshi, shi kuwa ko kai bai ɗaga ba.

Kefas ƙanena ne, ni na goye shi. Babanmu soja ne, a bariki anka haife mu, da ya yi ritaya munka dawo gida Rikoto, nan Zuru. Tun yana ɗan mitsitsi Kefas ba ya da zance sai mota. Gwangwanin madara da tsohon silifas ba su tsira a gidanmu, duk ya yanke ya yi taya. Ya tashi da ƙafa mai ƙarfi. Lokacin da ya yi golmo, noman nan da saurayi ke yi wa baban yarinyar da yake so, tsohon Rebecca ya riƙa cewa shi bai ga mai riga Kefas kai ƙarshen kunya ba, ga gonar a kan dutse. Daga nan ya shiga soja kamar baba, anka sa shi tuƙi.

Wata Kirsimeti ya dawo da ita. Golf ce ja, ƙofa biyu, ta yi ƙasa-ƙasa kamar tana shinshinar hanya, da haruffa uku a bayanta, GTI. Wajen wani hafsa ya saye ta, tsohuwa ce tun lokacin, amma ya gyara ta da hannunshi har tana ƙyalli. Ya sa mata suna Barkono. Kafin ka gan ta ka ji ta. In ya shigo gari, mata a gidanmu su ce ga na Rebecca nan, ta tashi ta gyara ɗankwali.

Sau ɗaya na shiga. Ya ce zo Yaya in kai ki Danko ki sha iska. Ina zama ya taka, bayana ya manne da kujera, ɗankwalina ya fita ta taga. Ina kiran Yesu, shi yana dariya yana cewa ai ko giya ta huɗu bai sa ba. Na dawo gida da kai a buɗe kamar sabuwar mahaukaciya. Washegari ya sayo mini wani ɗankwalin, ja, wai don in riƙa tunawa.

Can wajen aiki motar da yake tuƙawa ta taka nakiya. Ya rayu, mun gode wa Allah. Ƙafar hagu ce ta tafi, daga ƙasan gwiwa. Ƙafar kuloci, haka ya ce mini ranar da na fara ganinshi a gadon asibiti, yana murmushin da ya fi kuka ciwo.

Ya dawo gida da ƙafar roba. Da farko tana yi, daga baya dungulmin ya rame, ta daina zama daidai, tana gurzar shi har miki ya buɗe. Ya jingine ta bayan ƙofa ya koma sanduna. Wani mai haɗa ƙafa a Kaduna ya auna shi, ya ce zai yi mishi wadda za ta zauna, har kuloci zai iya takawa da ita. Kuɗin ne ba mu da su. Injina abinci kawai yake kawowa. Abin da muke da shi mai daraja, Barkono ce.

Ni na ɗora mata jarka a kan rufi, don duk mai wucewa ya san ta sayarwa ce. Kefas bai hana ba, bai kuma kalla ba.

Jarkar nan ta sha rana har ta koɗe, ta sha ruwan damina, iska ta jefar da ita na ɗauko na sa mata dutse. Tun da mai ya yi tsada, masu mota ma sun ajiye sun koma mashin. Manoma da yawa ba sa zuwa gonakin nesa saboda mutanen daji, to wa ke da kuɗin mota? Wanda ya tsaya kuwa, tambayarshi biyu ce, buhu nawa take ɗauka, kuma tana shan mai? Kefas ba ya iya ƙarya a kanta. Sai ya ce tana sha mana, ai da gudu take biya. Mutum ya ce zai dawo, shi ke nan.

Ya sa hotonta a waya. Samarin Abuja da Kaduna sunka yi ta yabo, wannan ya ce irinta ta yi wuya, wancan ya ce kar a taɓa fentin. Da sun ji Zuru take, sai su tambayi lafiyar hanya, daga nan shiru. Anselm mai kayan gyaran mota ya zo da mutunci, ya ce injin kawai yake so, gangar jikin a kai wa masu ƙarfe. Kefas ya nuna mishi ƙofa da sanda.

Kullum da safe yana wanke ta, yana tsalle da ƙafa ɗaya, Rebecca na biye da bokiti. Ya gama ya shiga ya zauna, ya tada ta, ya ɗan taɓa totur, ya rufe ido. Ba ta zuwa ko'ina. Ni ina kallon man da ke ƙonewa, ina haɗiye magana.

Mutum ɗaya ne ya riƙa dawowa, Lukuman, direban tasha mai jigilar Bena, wanda injin motarshi ya mutu. Kun san yadda ake yi wa Golf ɗin hanyar Bena. A cire kujerun baya, a ɗaga ta da dogon sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan na saman taya, a cika ta da buhu har rufi, but ɗin baya a buɗe an ɗaure da igiya, wani lokaci da akuya a sama. Lukuman bai ɓoye ba, ya ce haka zai yi mata, ƙarfin injin yake so.

"Lukuman, wannan ba jakin kasuwa ba ce," in ji Kefas.

"Oga soja, bana kowa jaki ne. Ni ma da kake gani."

Kefas ya kore shi, ya dawo, ya sake korarshi. Har Lukuman ya saba, in ya zo ya fara gaishe ni, ya ce Maman niƙa, yau ma na zo a kore ni.

Sai tsohon Rebecca ya rasu. A tsohon gidansu anka binne shi, can kan dutse, inda mashin ba ya hawa. Surukai duk sunka hau. Kefas, wanda ya nome gonar dutsen nan da ƙafafunshi, ya gwada da sanduna, ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa. Samari sunka ce za su ɗauke shi, ya ƙi. Ya zauna gindin wata ɗorawa, yana jin waƙar jana'iza daga sama, har anka sauko.

Da munka dawo gida ya ce in kira Lukuman. Ina neman lamba ya ce, a hankali, "Yaya, in na samu ƙafar, me zan taka da ita?"

Na ce, "Ƙasa za ka taka, kamar kowa."

Lukuman ya zo da sharaɗi. Motar ta cika ƙasa, ba zai saya ba sai an ɗaga ta, ya yi lodi ya ga ta kai Bena. In ta kasa, ya maido. Kefas ya yarda, amma ya ce bakaniken tasha ba zai sa mata guduma ba. Shi da kanshi ya yi. Rebecca ta shimfiɗa mishi tabarma, ya zauna a ƙasa da sifana, Lukuman na riƙe da jak ɗin ɗaga mota. Ya kwance kujerun baya, ya goge su, ya nannaɗe da buhu ya ce a kai ɗaki. Ya cire gajeren sifirin ya sa dogo. Da anka sauke ta, Barkono ta tsaya can sama kamar akuya a kan turmi. Ba wanda ya yi dariya.

Ranar kasuwar Bena anka yi lodi a ƙofar gidanmu. Gishiri, siminti, katan ɗin sabulu, har but ya ƙi rufuwa. Lukuman ya ja ta, tana nishi. Kefas ya bi ta da ido har ta sha kwana, sannan ya juyo yana murmushi, irin na da. Ya ce ba don wannan anka yi ta ba, ko rabin hanya ba za ta yi ba, kafin yamma za a jawo mana ita. A nan na gane addu'armu ba ɗaya ba ce. Na je na tada inji, Rebecca ta karɓe ni, na dawo na zauna kusa da shi a bakin ƙofa.

Rana ta karkata wayar ta yi ƙara. Ya buɗe murya don in ji. Hayaniyar kasuwa, sannan Lukuman, yana haki don murna. Ya ce sun iso, ko tari ba ta yi ba, a hawa ma ta wuce duk na tasha da lodinta. Ya ce ya saya, gobe da safe zai zo a gama magana.

Nan ne na ruga ina kiran Rebecca. Ƙanena zai tsaya da ƙafa biyu, don me ba zan yi rawa ba?

Da na dawo ina share gumi, wayar tana kunnenshi, ya rufe ido.

"Lukuman, kar ka kashe tukuna," ya ce. "Buɗe gaba, ka sa wayar kusa da injin. Yauwa. Yanzu taka mata kaɗan."