Wutar da Baffa Ya Kunna ta Sama

Ko zan manta komai a rayuwata, ban da jegon 'yata ta fari da na yi a gidanmu na Kademi. Yau yarinyar har ta shiga sakandare, amma duk ranar da sanyi ya sauko na ji ƙirjina ya fara nauyi, sai abin ya dawo min sabo fil.

Tsakiyar sanyi na haihu, aka kai ni gida wanka. Ni kuwa tun ina ƙarama nake fama da asma. Kakata ta wajen uba ita ke kula da jegon duk 'ya'yan gidan, kuma ba a ja da ita. A wurinta dole mai jego ta kwanta a gadon ƙasa, a hura wuta a ƙarƙashinsa, a rufe ƙofa da taga kada sanyi ya shige ta. Kwana uku kacal na yi a haka numfashina ya fara sarƙewa, jaririyar ma ta kama tari. Da aka kai mu asibiti a Gaya, ma'aikaciyar jinya ta ce ko dai a raba mu da hayaƙi, ko a dawo da mu a kwance.

Da Kaka ta ji, sai ta taɓe baki. "Mu da muka haifi goma a kan gadon nan, hayaƙin ya kashe mu ne? Sanyi ne ke kashe mai jego." Mahaifina kuwa ba ya iya musu da uwarsa. Gaskiya na tsorata, kuma na ji haushinta ƙwarai.

Ana cikin haka ƙanin mahaifina, mai walda a Ajingi, ya zo barka. Mu yaran gidan Injiniyan Bola muke ce masa a bayan idonsa, don ba ya wuce ƙarfen da aka yar. Ya zauna ya saurari kowa, sannan ya tambayi Kaka abu ɗaya tak: "Inna, wutar kuke so a ɗakin, ko ɗumin?" Ta ce, "Ji min tambaya. Ɗumin mana." Ya ce to, ya tashi ya tafi.

Bayan kwana biyu sai ga shi da sassafe da tarkace: ƙaramar ganga a cikin babba, an huhhuda ta a gindi da kuma kewayen baki, ga tukunyar ƙarfe mai bututu biyu da za a cika da ruwa a ɗora a kai. A waje ya kafa, bayan ɗakina, cikin ɗan rami da ya haƙa. Ya huda bango ya zura bututun ƙarƙashin gadon, ya ce ruwan zafi zai hau ya zagaya, idan ya huce ya dawo tukunya da kansa. Ya cika gangar da totuwar masara da ɓawon gyaɗa, ya fita neman robar ɗaure bututu, ya ce kada kowa ya taɓa.

Kaka za a ce wa kada ta taɓa wuta? Ta ce tun ba a haife shi ba take hura murhu. Ta ɗebo garwashi ta cusa ta ƙasa, kamar yadda kowa ya sani. Nan take hayaƙi ya turnuƙe gidan, har maƙwabta suna leƙowa ta katanga. Matan gida suka yi ta dariya, ni ma ina tari ina taya su, duk da raina ya gama ɓaci. Na ce shi ke nan, yau ma a hayaƙi za mu kwana.

Baffa ya dawo, ko fuska bai ɓata ba. Ya juye gangar, ya sake cika ta, ya ɗora ɗan kara a kai ya ƙyasta ashana. "Inna, wannan ta sama ake kunna ta."

"Ta sama? Tun da nake ban taɓa ganin wutar da ke ci tana gangarawa ba."

Ba a jima ba hayaƙin ya ɗauke ɗif. Harshen wuta ya riƙa fitowa ta hudojin bakin gangar, tsaf kamar na murhun gas. Kaka ta matso ta leƙa. "To ina hayaƙin ya tafi?" Ya ce, "Shi ne yake ci, Inna. Hayaƙi ai itace ne da bai gama ƙonewa ba."

Ya wuni yana sake cikawa. Da la'asar ya ce ta shiga ta taɓa gadon. Ta dafa da tafin hannu. Ta zauna, ta miƙe ƙafafu. Can ta ce, "A kwantar da su." Ranar na yi barci har asuba ban yi tari ko sau ɗaya ba, kuma cikin mako guda tarin jaririyar ya tafi. Da na yi arba'in Baffa ya zo kwashe kayansa, Kaka ta hana, wai gwiwoyinta ma suna son ɗumin.

Tun daga nan ban sake ce masa Injiniyan Bola ba. Dukanmu mun tsaya jin haushin tsohuwa kan al'adarta, shi kaɗai ya tambaye ta abin da take so. Abin da na koya ke nan: idan babba ya kafe a kan abu, kafin ka ce masa ya yi kuskure, nemi sanin me yake ƙoƙarin karewa. Kaka ni take karewa, Baffa kuma ya nuna mata yadda za ta yi ba tare da ta shaƙe ni ba.