Ranar da Fatna Ta Zubar da Tanki

Fatna 'yar Mafaza ce, a bakin kogin Rahad ta tashi, aure ya kawo ta Gadarif, garin da ake lallaɓa ruwa kamar jariri. Mijinta Jatau yankan riɗi yake zuwa Fashaga. Da ya rasu sai ta kama aiki a wata lokanda, masaukin baƙi kusa da kasuwa. Shara ita, wanki ita, faɗa da masu kawo ruwa a keken jaki ma ita. Baki gare ta, Allah ya sani.

Ni da mahaifiyata Hajiya Safaa yaƙi ne ya koro mu daga Madani, muka sauka a lokandar nan don ba mu da kowa a garin.

A Gadarif ba a barin tanki ya ƙare, balle a zubar. Sabon ruwa a kan tsoho ake zubawa. Fatna har alfahari take yi wai tun zuwanta gindin tankinsu bai taɓa ganin rana ba.

Ba mu daɗe ba gudawa ta kama baƙi, ta fi tsananta a kan Hajiya, har idanunta suka faɗa. A asibiti aka yi mata ƙarin ruwa. Likita ya ce ƙwayoyin cuta ne daga ruwan sha, in ta koma ta sake shan sa ba lallai ta tashi ba. To ina za mu koma in ba can ba? Na tsorata ƙwarai.

Da na gaya wa Fatna sai ta taso min. "Ya bitti, ke yarinya, ruwan nawa ne da datti?" Amma ta ɗaure zani ta hau rufin lokandar, ta buɗe murfin tankin. Ga gansakuka, ga wari, ga matacciyar tantabara. Nan take Fatna ta sauko.

Mai lokandar ba ya gari, ba ta kuma jira shi ba, ta buɗe bututun ƙasa. Tsakiyar bazara ce. Kafin ka ce me, maƙwabta sun fito da jarkoki. Fatna ta tsaya ta tare.

"Wallahi ko na wanki ba mai ɗiba. Moyar nan, ruwan nan dai, cuta ce, halas, shi ke nan!"

Wata tsohuwa ta ce, "Fatna, yau maƙwabci kike hana wa ruwa?"

Hawaye ya zubo mata, amma ba ta matsa ba sai da ƙasa ta shanye shi tas. Sannan ta shiga cikin tankin ta dirje shi da kulorin da ta karɓo a asibiti, ta sa aka gyara murfin. Mai gida ya dawo ya yi mata tatas, maƙwabta suka daɗe ba sa amsa gaisuwarta. Duk ta shanye, kuma har gobe ina gode mata.

Ranar da aka sallamo Hajiya, Fatna ta tafasa sabon ruwa ta bar shi ya huce a randa, ta kawo da kanta. Hajiya ta sha. Na zauna na zuba mata ido, ina jiran ciwon ya dawo. Bai dawo ba. Da la'asar ta kamo hannun Fatna, wanda kulorin ya saɓule wa fata, ta ce, "'Yata, ƙaro min."