Karyar da Aka Bari a Gindin Mangwaro

Baba Akanmu Oyelakin ya yi shekara talatin yana aikin jirgin ƙasa. Da ya ajiye aiki sai ya koma kiwon manyan karnuka masu gadi a bayan gidansa da ke Apata, a Ibadan, yana sayar da ƙwikwiyoyinsu. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa uku suna Legas, sai waya ranar Lahadi in sun tuna. Maƙwabta kuwa haushin karnuka ya raba su da shi, daga nesa suke ɗaga masa hannu. In ya tuƙa tuwon amala shi kaɗai yake ci, karnukan na sauraron hirarsa.

Akwai wata mata, Morenike, tsohuwar nas, mai tsintar karnukan da aka yasar tana jinyarsu. A duniya ba wanda ta tsana kamar masu kiwo. Wata Talata da hantsi ta tsayar da mota a ƙofarsa, ta buɗe but ɗin motar.

"Baba, fito ka ga sana'arka!"

Karya ce, daga fata sai ƙashi, sarƙa ta ci wuyanta har ya yi ruwa. Mai ita ya tashi daga gidan haya, ya bar ta ɗaure a gindin mangwaro kwana tara.

"Wa ya ce tawa ce, Anti?"

"An ce a nan ya saya. Ku dai ku sayar ku wanke hannu, mu kwashi wahala."

"Ke kuma ki yi ta zagin mutane a ce mai tausayi."

Bai rufe baki ba karyar ta ɗago kai da ƙyar, ta kaɗa masa wutsiya. Ya duba kunnenta na hagu, sai ga tsagar da yake yi wa karnukansa. Ya ɗauke ta da kansa ya shiga gida.

Mako shida Morenike na zuwa wankin miki bayan kwana bibbiyu. Shi ya riƙe kai, ita ta sa magani, suna musu. Ranar zuwanta tun asuba yake share tsakar gida, ya sayo moin-moin, wato alala, guda biyu.

A taron masu kiwo na wata-wata, Baba ya miƙe ya ce kada a ƙara sayar wa kowa kare sai an ga inda zai zauna, wanda kuma ya kasa riƙo ya dawo da shi, ba zagi ba gori.

"Baba ya zama fasto!" in ji wani. Aka kwashe da dariya.

Mutum biyu ne kawai suka bi shi. Amma da maganar ta bazu, masu karnuka suka fara zuwa da kansu: wannan aiki ya mai da shi Abuja, waccan mijinta ya ce ko ita ko kare. Baba ya karɓa, Morenike ta nemo musu gidaje. Ta daina kiran masu kiwo 'yan kasuwar rai, a gabansa dai.

Da mikin ya warke zuwanta ya ƙare, sai saƙo ta waya. Ta samo wa karyar gida a Abeokuta, wurin wata malamar makaranta. Ranar da ta zo ɗaukar ta, Baba ya raka su har bakin titi, ya tsaya har motar ta ɓace. Ya dawo ya wanke kejin karyar tas, ya zuba wa sauran karnukan ruwa, sannan ya zauna a benci. La'asar ma ba ta yi ba.