Na'urar da Ta Ce Huhuna Ya Gama Aiki

Ko zan manta da duk abin da na gani a Landan, ba zan manta da makonni ukun da wata na'ura ta sa na fara shirin mutuwa ba. Zamanin kuɗin mai ne, lokacin da gwamnati ke tura ma'aikata kwas ƙasar waje kamar ana aiken yaro kasuwa. Ni ma'aikacin jinya ne, aka turo ni ƙaro ilimi, na sauka a Lewisham gidan wani likita ɗan Zariya da ya girme ni nesa ba kusa ba. A lokacin ina da rawar kai, don haka da na ji wata dattijuwar Baturiya tana koyar da binciken cuta da lantarki kowace Asabar, irin wanda aka tsamo daga maganin allurar Sinawa, sai na rubuta sunana. A raina ni ne zan fara kai wannan fasaha gida.

Na'urar kamar rediyo take, da fuska irin ta agogo mai kibiya ɗaya. Majiyyaci zai riƙe sandar tagulla a hannu ɗaya, mai awo ya danna tsinken ƙarfe a gefen faratan ɗaya hannun. Kowane gurbi da sashen jikin da yake wakilta. In kibiya ta tsaya a hamsin, lafiya lau. In ta haura, kumburi ne. In ta faɗi ƙasa, wurin ya fara mutuwa.

Ranar farko malamar ta nemi wanda za a gwada a kansa, na yi wuf na miƙa hannu. Ta danna babban yatsana, gurbin huhu, kibiya ta ƙi ɗagawa. Ta koma ƙaramin yatsa, gurbin zuciya, haka nan. Ta ce kada in damu, za a sake bayan hutun rana. Da aka dawo ta sake dannawa, sai kibiya ta zabura ta kusan kai ƙarshe. Da safe huhuna ya mutu, da yamma ya kumbura. Na rasa wanne zan ji wa tsoro.

Asabar ta biyu ma haka aka yi. Ita kanta malamar ta rikice, ta canja batir, ta auna sauran ɗalibai, kowa na kusa da hamsin sai ni. Na fara jin numfashina yana sarƙewa a matattakalar bas. Likita ya kai ni aka ɗauki hoton ƙirji, aka auna jini, aka ce garau nake, amma hakan ƙara dagula ni ya yi, domin an koya mana cewa na'urar tana hango cuta tun kafin asibiti ya gani. Na zauna na rubuta wa mahaifiyata wasiƙa, na ce ta yafe mini, ta sa a yi mini addu'a, ina nan tafe.

"Yanzu kai, Malam, saboda akwati mai batir ka yi booking ɗin jirgi?" in ji Likita.

"Yaya, gara in mutu a ɗakin tsohuwa."

Asabar ta uku na je sallama. Kayana duk suna ɗaure, har da kwalbar basilin ɗin da nake lafta wa hannuwana kowace safiya saboda sanyi na tsattsaga mini fata. Malamar ta roƙi in bari ta auna ni na ƙarshe. Kibiya ta tsaya cak a hamsin. Ta juya tafin hannuna tana shafawa, ta tambayi abin da na canja yau. Na faɗa mata yau ban shafa mai ba. Ta ce to da rana fa, me nake yi a lokacin hutu? Na ce alwala da sallar azahar, kuma ba na goge ruwan. Ta aike ni famfo na jiƙa hannu, kibiya ta yi sama. Ta shafa mini man hannunta, kibiya ta kwanta. Mai yana tare lantarki, ruwa yana ba shi hanya, iyakar cutar tawa ke nan.

Ajin ya fashe da dariya, ita kuma ta yi ta ba ni haƙuri. Ni ban yi dariya ba. Wasiƙata ta riga ta isa gida, kuma ƙauyenmu babu waya. Sai da ta biyun, wadda na rubuta cewa lafiyata ƙalau, ta yi kwana da kwanaki a hanya, tsohuwa tana kuka, ta rame, tana zaman jiran gawa. Har ta koma ga Allah ba ta yarda lafiyata ƙalau ba, kullum gani take ɓoye mata nake yi. Wannan har yau yana ci mini rai.

Na gama kwas ɗin, amma ban sayi na'urar ba. Abin da na koya shi ne, kafin ka gaya wa mutum wata magana a kan jikinsa, ka tambaye shi yadda yake rayuwa, ka tabbatar, sannan ka buɗe baki. Maganar ba a kunnensa take tsayawa ba, akwai wadda za ta ji ta a gida.